Yadda Za Ki Tantance Maganin Gargajiya na Ɗaukewar Al'ada Bayan Jinyar Sankarar Mama

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini, wato wane maganin gargajiya ne macen da ta yi sankarar mama za ta iya sha don wahalar ɗaukewar al'ada, kuma tana zuwa ne daga bakuna daban-daban, wani lokacin daga masu lalurar da kansu, wani lokacin daga 'ya'yansu mata da ke kai su asibiti. An yi wa mace aikin mama, an yi mata kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ko gashi da na'ura, an sallame ta da ƙwayar da za ta yi shekaru tana sha, sai kuma zafi ya riƙa taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya hana ta barci, gaɓoɓi su yi tsami, gabanta ya bushe. Daga nan masu ba da shawara su yi yawa: wannan ta ce hulba, waccan ta ce tsumi, wata kuma ta kawo kwalbar kafso daga Umra.

Ga macen da ta yi sankarar mama, kasancewar magani daga tsiro ya fito ba hujja ba ce a kan cewa ba zai cutar da ita ba. Abubuwa uku ake bincika a kan kowane tsiro: ko yana kwaikwayon istirojin, wato sinadarin mata da ake kira homon, a jiki, ko yana rage ƙarfin ƙwayar da likita ya ɗora ta a kai, ko yana taɓa hanta. Ga yadda za ki bi binciken daki-daki.

1. Ki fara sanin irin sankarar da aka yi miki jinyarta

Ki nemo takardar gwajin tsokar da aka cire miki, ki duba inda aka rubuta ER, PR da HER2, alamomi uku da ke nuna irin sankarar. Idan ER ko PR na ɗauke da alamar tarawa, ma'anarsa sankarar tana ciyuwa ne da homon ɗin mata, kuma shi ya sa aka ba ki tamoxifen, wanda yawanci ake sha miligiram 20 a kullum na tsawon shekara 5 zuwa 10, ko ɗaya daga cikin anastrozole, letrozole da exemestane. Aikin waɗannan ƙwayoyi shi ne su hana istirojin isa ga sankarar ko su rage shi a jiki, saboda haka su da kansu suna kawo tasowar zafi da sauran alamomin. Kemo kuma yana iya tsayar da al'ada farat ɗaya ga mace mai shekara talatin da wani abu, alhali a bisa ɗabi'a abin yana zuwa ne a hankali tsakanin shekara 45 da 55, don haka wahalar takan fi tsanani.

Idan takardar ta ɓace, ki je da lambar katinki sashen masu sankara inda ake ganin ki, ko a Asibitin Koyarwa na Shika ne ko wani wuri, ki roƙi likita ya duba fayil ya faɗa miki. Kafin ki samu amsa, ki ɗauki kanki a matsayin mai irin da ke ciyuwa da homon. Mata da yawa a ƙasar nan irin tasu ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin alamomin uku, amma ko ke ma kina cikinsu, batun hanta da karon magunguna yana nan a kanki.

Gargaɗi: kada ki ajiye tamoxifen saboda zafin ya dame ki. Haɗakar manyan gwaje-gwajen da aka fitar a 2011 ta nuna cewa shan sa na shekara 5 yana rage mutuwa daga sankarar mama da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara 15, kuma babu wani jiƙo da aka taɓa nuna yana yin haka. Mai azumi ma ba ta da dalilin tsallake shi, tunda sau ɗaya ake sha, ko da sahur ko bayan buɗa-baki.

Gargaɗi na biyu: kada ki karɓi ƙwayar homon daga kemis don wata ƙawarki ta sha ta ji daɗi. A ƙasar Suwidin an dakatar da wani gwaji mai suna HABITS a 2003 kafin lokacinsa, saboda sankara ta fi dawo wa matan da aka ba homon bayan jinya.

2. Ki tabbatar ɗaukewar al'adar ce, ba wata cuta ba

Tasowar zafi ta ɗaukewar al'ada takan ɗauki minti 1 zuwa 5 ta wuce, kuma idan kika sa ma'aunin zafin jiki ba za ki ga zazzaɓi ba. Ki sayi ma'aunin, ba shi da tsada. Idan ya kai 38, ko gumin daren ya zo da tari na sama da mako biyu, ko rama, ko faɗuwar gaba da karkarwar hannu, to maganar ta koma ta zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, maƙoƙo ko ciwon suga, kuma gwaji ne zai raba gardama.

Gargaɗi: ɗaukewar jini bayan kemo ko a kan tamoxifen ba tabbacin cewa haihuwa ta tsaya ba ne. Ciki yana iya shiga, tamoxifen kuma yana cutar da ɗan tayi, saboda haka ki tattauna da likita a kan hanyar tazara wadda babu homon a cikinta.

3. Ki yi mako biyu kina rubutawa kafin ki sha komai

Ki samu ƙaramin littafi, ki riƙa rubuta sau nawa zafin ya taso a yini, sau nawa ya tashe ki da dare, da abin da kika ci ko kika yi kafin ya zo. Mata da yawa a nan suke gano cewa yaji ne, ko shayi mai zafi, ko goro, ko tsayuwa a gaban murhu, ko hijabin roba mai kauri da rana tsaka.

Wannan littafi yana da wani amfani da ya fi wannan. A gwaje-gwajen tasowar zafi, matan da aka ba ƙwayar bogi wadda babu magani a cikinta su ma sukan samu sauƙi na kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wani lokacin fiye. Sannan ga yanayin Zariya: wadda ta fara shan wani jiƙo a ƙarshen zafin Afrilu, ruwa ya sauka a Mayu ko Yuni, gari ya yi sanyi, za ta rantse jiƙon ne ya yi aiki. Idan ba ki da lissafin farko a rubuce, ba za ki iya raba aikin magani da aikin damina ba.

4. Ki tattara duk abin da kike sha ko shafawa a leda ɗaya

Duka nake nufi: tsumi, gumba, jiƙo, garin da ake zubawa a nono ko kunu, shayin rage ƙiba, kayan kantin magungunan Musulunci, man gyaran mama, da duk abin da ake matsawa a gaba. Ranar da na raka wata gwaggona ganin likita, ya tambaye ta ko tana shan wani abu ban da tamoxifen, ta ce masa babu, kuma ba ƙarya ta yi da gangan ba, domin a wurinta hulba da tsumi ba magani ba ne. Da muka koma gida muka buɗe kwabarta sai ga kwalabe huɗu da ƙulli uku na gari, biyu daga ciki ita kanta ba ta san sunan abin da aka daka ba, ta dai san wadda ta kawo mata.

A kan kowace kwalba ki duba jerin abubuwan da ke ciki, ranar lalacewa, adireshin mai yi, da lambar NAFDAC. Yawancin magungunan gargajiya da hukumar ta amince a sayar lambarsu tana ƙarewa da harafin L, kuma a jikinsu akwai rubutun da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da mai maganin ya yi ba. Wannan lamba ba ta ce an gwada shi a kan masu sankarar mama ba, ba ta kuma ce ba zai yi karo da tamoxifen ba.

Gargaɗi: garin da aka ƙulla a leda babu suna, ko an saya a kasuwar Sabon Gari, ko a Tudun Wada, ko daga motar masu lasifika, babu likitan da zai iya ce miki lafiya lau ne, domin bai san me ke ciki ba. A ganina wannan kashin a zubar da shi tun kafin a je asibiti.

5. Ki kasa kayan kashi uku

Kashi na farko shi ne wanda za ki ajiye nan take. Galibinsu na waje ne, kuma da sunayensu na Turanci za ki gan su a kwalba. Mafi haɗari shi ne St John's wort, wanda wani lokacin ake rubutawa Hypericum, ana kuma cusa shi a cikin kafson kwantar da hankali da na barci. Yana sa hanta ta riƙa kawar da magunguna da sauri fiye da ƙima, sai tamoxifen ya ragu a jini ba tare da mace ta ji komai a jikinta ba, haka kuma yana karo da warfarin, maganin tsinka jini, da magungunan farfaɗiya. Na biyu shi ne black cohosh, saiwar wani tsiro na Arewacin Amurka da ya fi kowanne suna a wannan fage. Gwaje-gwajen da aka yi a kan masu sankarar mama ba su nuna ya fi ƙwayar bogi ba, kuma tun 2006 hukumomin magunguna na Turai da Ingila suka yi gargaɗi a kan lahaninsa ga hanta. Sai red clover da kafson isoflavones, waɗanda sinadarai ne masu kama da istirojin da aka tace aka tattara ƙarfinsu wuri ɗaya. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kada a ba masu sankarar mama waɗannan uku na baya, har da bitamin E, don maganin tasowar zafi. A wannan kashin za ki saka dong quai na mutanen Sin, wanda ke ƙara tsinka jini ga mai shan warfarin, da licorice mai tayar da hawan jini, da duk wani mai ko kirim da aka ce yana cika mama ko yana tayar da ita.

Kashi na biyu ya fi wuyar sha'ani, domin kayan gidanmu ne. Hulba ita ce kan gaba. A gwajin ɗakin bincike an ga tana nuna hali irin na istirojin a kan ƙwayoyin sankarar mama, tana kuma saukar da suga, sannan dalilin da ya sa mata suke shan ta don ƙarin ruwan nono da cikar jiki shi ne dalilin da ya kamata mai ER ta yi taka-tsantsan da ita. Ɗan abin da ke shiga girki ba shi ake magana ba. Abin gudu shi ne cokali-cokali a madara safe da yamma na tsawon watanni. Shammar da yansun su ma suna da irin wannan halin a ɗakin bincike, don haka hukuncinsu ɗaya. Kurkur a miya ba laifi, amma kafsonsa wani abu ne daban: wani ƙaramin gwaji a ƙasar Holan ya nuna cewa sinadarinsa, musamman idan an haɗa shi da na masoro, yana rage ƙarfin tamoxifen a jini. Kafson koren shayi an sha danganta shi da ciwon hanta, alhali shayin da ake dafawa a sha a kofi bai da wannan suna. Saiwar zogale da ɓawonsa a bar su, ganyen ne abinci. Wadda kuma aka ɗora a kan magungunan sankarar mama palbociclib ko ribociclib ta nisanci lemon garehul baki ɗaya.

Habbatus sauda tana da matsayinta a zuciyar kowane Musulmi, kuma ba na ce wa kowa ya bar ta. Abin da nake cewa shi ne a tsaya a kan ɗan kaɗan da aka saba, a sanar da likita, kuma kada a ɗauke ta a matsayin madadin ƙwayar asibiti. Masu sayar da ita a haɗe da wasu garuruwa da ba su ambata ba sun fitar da ita daga wannan hukunci, ta koma cikin ƙullin da ba a san me ke ciki ba.

Kashi na uku abinci ne, kuma a nan akwai labari mai daɗi. Mata da yawa sun daina cin awara saboda an ce musu waken suya yana dawo da sankara. Wani babban bincike da aka yi a birnin Shanghai, aka fitar a 2009, ya bi mata sama da 5,000 da suka yi sankarar mama, bai ga cin abincin waken suya ya ƙara dawowar cutar ba, hasali ma an fi samun ƙarancin dawowarta a wurin waɗanda suka fi ci, har da masu shan tamoxifen. Saboda haka awara, madarar waken suya da kununsa, gwargwadon yadda ake ci a gida, ba abin tsoro ba ne. Bambancin yana tsakanin wake a kwano da sinadarinsa a kafso. Kada dai ki sa rai awara za ta kashe miki zafin. Abinci ce mai kyau, shi ke nan. Zoɓo mai sanyi ba sukari da yawa yana taimakawa a lokacin zafi, sai dai yana ɗan saukar da jini, don haka mai shan maganin hawan jini ta lura. Kwaɗon zogale, miyar kuka, riɗi, nono da kindirmo suna da amfani ga ƙashi, abin da mai shan anastrozole ko letrozole take buƙata ƙwarai, domin waɗannan ƙwayoyi suna rage ƙwarin ƙashi.

6. Ki kai ledar da littafin gaban likita

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki zazzage ledar a kan tebur, ki ce, "Likita, ga abin da nake sha, ga kuma lissafin zafin na mako biyu." Idan layi ya yi tsawo likita bai samu sukuni ba, ki biya ta wurin masanin haɗa magunguna na asibitin, domin karon magunguna fanninsa ne. Yaron kemis na unguwa ba shi ne wanda nake nufi ba.

Ki tambayi abu uku. Na farko, ko akwai buƙatar gwajin hanta, musamman idan kin daɗe kina shan jiƙo. Na biyu, ko za a iya sauya lokacin shan ƙwayarki ko a sauya miki wata, tunda wadda letrozole ya hana ta tsugunawa saboda ciwon gwiwa takan iya samun sauƙi a kan wata. Na uku, magungunan rage zafi waɗanda babu homon a cikinsu, kamar venlafaxine, gabapentin, oxybutynin da clonidine, waɗanda an gwada su a kan masu sankarar mama an ga suna rage tasowar zafi. Kowanne yana da nasa illar, kamar jiri, barci ko bushewar baki, kuma venlafaxine ba a yanke shi rana ɗaya. Akwai kuma zaman koyar da dabarun sarrafa tunani da barci a wurin masana halayyar ɗan Adam, wanda aka nuna yana rage yadda zafin ke takura wa mace, haka ma rage ƙiba ga mai jiki.

Gargaɗi: paroxetine da fluoxetine suna toshe hanyar da hanta ke bi ta mayar da tamoxifen zuwa sinadarin da ke yin ainihin aikin. Idan wani likitan daban zai rubuta miki maganin damuwa, ki faɗa masa kina shan tamoxifen tun kafin ya ɗauki biro.

Game da kuɗi, farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka lissafin ne zan ba ki. Kwalba mai kafso 60 da ake sha biyu a rana wata ɗaya ce kacal, ke kuma matsalar tana iya bin ki shekaru, sai ki ninka kuɗinta sau 12 ki gani. Ki fara ware kuɗin tamoxifen ko letrozole, sannan na mota zuwa asibiti da gwaje-gwaje, abin da ya rage shi ne na sauran. Na ga gidan da aka tsallake ƙwayar wata biyu don a sayi kwalbar waje, garin neman gira ana shirin rasa ido. Idan kina da inshorar NHIA ko ta KADCHMA ta Jihar Kaduna, ki tambayi abin da take ɗauka. Fanka mai caji, rigar barci ta auduga da tulun ruwan sanyi kusa da gado sau ɗaya ake sayen su.

7. Bushewar gaba a yi mata nata tsarin

Wannan ita ce matsalar da aka fi jin kunyar faɗa, kuma ita ce ta fi tura mata wurin masu kayan mata. Fatar wurin ta riga ta yi siriri saboda ƙarancin istirojin, saboda haka duk wani matsi, ko alif, ko miski, ko garin da ake cusawa, ko tsuguno a kan hayaƙi mai zafi, yana iya ƙona ta ko ya jawo ƙwayoyin cuta. A kantin magani akwai man jiƙa gaba wanda babu homon a ciki, ana sa shi sau biyu ko uku a mako, akwai kuma mai santsi na ruwa da ake amfani da shi lokacin saduwa. Man kaɗanya ko man kwakwa mai tsabta ana iya shafa shi daga waje, amma yana lalata kororon roba. A bar wanke wurin da sabulu mai ƙamshi. Yana da kyau maigida ya ji daga bakin likita cewa maganin ne ya kawo haka, domin rashin wannan bayanin yana haddasa zargi a tsakanin ma'aurata.

Idan duk wannan bai wadatar ba, akwai istirojin ɗan kaɗan da ake sawa a wurin kawai, amma likitan sankara ne zai yanke wannan hukunci, musamman ga mai shan anastrozole, letrozole ko exemestane.

Gargaɗi: duk jinin da ya fito bayan al'ada ta ɗauke, ko ɗigo ne, a je asibiti a wannan makon. Tamoxifen yana ɗan ƙara haɗarin sankarar mahaifa, kuma jini ne alamarta ta farko. Kada a tsayar da shi da jiƙo.

8. Idan likita ya amince ki gwada wani abu

Ki gwada abu ɗaya tak, daga wuri ɗaya, da awo ɗaya, ki rubuta ranar da kika fara, ki ci gaba da lissafin littafinki. Bayan mako 4 zuwa 6 ki kwatanta da makonni biyun farko. Idan lambobin ba su sauka ba, ki daina, kada ki ninka awon. Ba a fara sabon tsiro a tsakiyar kemo ko gashi, kuma idan an sa miki ranar tiyata, ki dakatar da su duka mako biyu kafin ranar, har da kafson tafarnuwa da na citta, saboda suna iya ƙara zubar jini.

Ki daina nan take ki nufi asibiti idan idanunki suka yi rawaya irin ta shawara, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko jiki ya ɗauki ƙaiƙayi da tashin zuciya, domin waɗannan alamun hanta ne. Kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, yana iya zama gudan jini ne a jijiya, wanda tamoxifen ke ƙara haɗarinsa, kuma wannan ba ya jiran wayewar gari. Sabon ƙullutu a wurin aikin, a ɗaya maman ko a hamata, da ciwon ƙashi a wuri ɗaya da ya ƙi tafiya, su ma ba a jira ranar da aka rubuta a kati. Duk lokacin da za ki tafi, ki ɗauki kwalbar da kike sha tare da littafin.